Filin Tambaya da Amsa: Firaminista da Ministocinsa, Wa Ke Riƙe da Wani?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan wata sun karkata wuri ɗaya kamar an haɗa baki: mulkin firaminista da zamansa da ministocinsa. Na zaɓi huɗu, na rage musu tsawo saboda wuri. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri, tana nan ajiye.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a Zariya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a Birtaniya firaminista ne ke naɗa ministoci, shi ne kuma ke sallamarsu. To ta yaya mutanen da ka ɗauko da hannunka za su juyo su tumɓuke ka, kamar yadda aka yi wa Boris Johnson a 2022? Kuma rigimar nan ta cikin ɗaki tana taɓa mai jefa ƙuri'a, ko kuwa abincin 'yan jarida ce kawai?

AMSA: Ɗan'uwa, ba kai ka fara wannan mamaki ba. A watan Nuwamban 1990 ina zaune a shagon mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ina tsinke ragowar zare a jikin wata riga, rediyo na rataye a ƙusa kamar kullum. Sashen Hausa na BBC ya kawo labarin cewa Margaret Thatcher za ta sauka. Baba ya ɗage ƙafa daga kan keken ɗinki. Ya ce, "Sojoji ne?" Na ce a'a. Ya ce, "Zaɓe ta faɗi?" Na ce ba a yi zaɓe ba. Ya ce, "To ciwo ne?" Na ce ministocinta ne suka gaya mata tafiyar ba za ta yiwu ba. Ya yi shiru, ya gyara zaman tabarau, can ya ce, "Yaranta?" Ka tuna lokacin muna ƙarƙashin soja, wata bakwai kacal bayan yunƙurin juyin mulkin Gideon Orkar. A saninmu shugaba ba ya barin kujera sai da ƙarar bindiga ko kiran Ubangiji.

Inda ni da Baba muka ɓata a ranar shi ne kalmar nan "yara". A tsarin da Najeriya ta ɗauko a 1979, minista yaron shugaban ƙasa ne, ba musu. Shugaba ya ci zaɓe da sunansa, ya ɗauko ka, gobe in ya ga dama ya sallame ka, sai gida. Ko sanata ne kai, sai ka ajiye kujerarka kafin ka karɓi muƙamin. A Birtaniya kuwa kusan kowane minista ɗan majalisa ne mai mazaɓarsa, mutanensa ne suka aiko shi. In firaminista ya kore shi ba gida zai tafi ba. Tashi zai yi daga bencin gaba ya koma na baya a cikin zauren nan dai, da bakinsa, da ƙuri'arsa, da duk abin da ya ji a ɗaka. Shi kansa firaministan ba ƙasa ce ta zaɓe shi baki ɗaya ba. Mazaɓa ɗaya ce ta aiko shi cikin 650, kamar kowa. Abin da ya ɗora shi sama shi ne 'yan majalisar jam'iyyarsa masu rinjaye sun yarda ya ja su. Mulkinsa rigar aro ce, kuma manyan masu rigar suna zama da shi a teburi ɗaya duk mako a gida mai lamba 10 a titin Downing.

A teburin nan akwai alkawari. A cikin ɗaki ka faɗi duk abin da ke ranka, ka yi gardama son ranka. In an tsai da magana aka fito, bakinku ɗaya ne. Ko kai ne ka fi kowa ƙin abin, kai za ka tsaya gaban majalisa da gidan talabijin ka kare shi. In ba za ka iya ba, ka ajiye aiki. Alkawarin yana da nauyi, amma yana da adalci, domin ana neman ka kare abin da aka saurare ka a kansa. Matsala tana farawa ne ranar da firaminista ya daina sauraro amma ya ci gaba da neman a kare shi.

Abin da ya ci Thatcher ke nan. Mace ce da ta ci zaɓe uku a jere, 1979 da 1983 da 1987, na biyun da rinjayen kujeru 144, na ukun da 102. Ba ta taɓa faɗuwa babban zaɓe ba tana shugabar jam'iyya. Amma salon zamanta da ministoci shi ne ta fara faɗin matsayinta, sannan ta jira ta ga wa zai ja da ita. A shekarun farko wannan ya yi mata aiki, saboda akwai manya a gefenta irin su William Whitelaw masu iya jan hannunta a ɓoye. Da tafiya ta yi nisa sai irinsu suka ragu. A Janairun 1986 ministan tsaro Michael Heseltine ya tattara takardunsa ana tsakiyar taron ministoci ya fice, a kan rigimar kamfanin jiragen sama masu saukar ungulu na Westland. A Oktoban 1989 ministan kuɗi Nigel Lawson ya yi murabus, saboda ta fi jin maganar mai ba ta shawara Alan Walters a kan tattalin arziki fiye da tasa, alhali shi ke riƙe da baitulmali.

Sai kuma maganar haraji. Gwamnatinta ta kawo harajin ƙananan hukumomi wanda ake ɗora wa kowane baligi a bisa kansa, ba a bisa darajar gidansa ba. Attajiri mai katafaren gida da mai share masa gidan, in dai ƙaramar hukumarsu ɗaya, kuɗi kusan ɗaya. Duk wanda ya girma a Arewa kafin gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, su soke haraji da jangali, ba sai an yi masa bayanin yadda talaka ke jin harajin kai ba. Lawson ya gargaɗe ta tun 1985 cewa abin ba zai yiwu ba kuma zai jawo musu bala'i a siyasa. Ba a ji ba. Ranar 31 ga Maris 1990 zanga-zangar adawa da harajin ta rikiɗe ta zama tarzoma a tsakiyar Landan. A Oktoba jam'iyyarta ta Conservative, wato ta 'yan mazan jiya, ta rasa kujerar Eastbourne a zaɓen cike gurbi, kujerar da ake ganin ko da kuɗi ba za ta suɓuce ba. Daga nan kowane ɗan majalisa ya fara lissafin tasa kujerar.

Wanda ya ƙarasa aikin shi ne mutumin da ba wanda ya zata. Geoffrey Howe ya yi mata ministan kuɗi, ya yi na harkokin waje, kuma shi kaɗai ya rage daga majalisar ministocinta ta farko. Mutum ne mai sanyin murya, ta sha ƙyara shi a gaban abokan aiki yana haɗiyewa. Ya ajiye aiki ranar 1 ga Nuwamba a kan batun Turai, ranar 13 ya miƙe daga bencin baya ya yi jawabi tana zaune tana ji. Ya kawo misali da wasan kurket, ya ce kamar a tura 'yan wasa fili ne su tarar shugabansu ya riga ya karya musu sandunan bugu. Da harshenmu, a ce sarkin yaƙi ya tura ka fagen fama bayan ya karya maka baka. Washegari Heseltine ya fito takarar shugabancin jam'iyya. A zagayen farko na ƙuri'ar 'yan majalisar jam'iyyar ta sami ƙuri'u 204, shi 152, amma bisa ƙa'idar jam'iyyar tazarar ta gaza da ƙuri'a huɗu. Tana Faris wajen taro aka kai mata labari.

Daren 21 ga Nuwamba shi ne abin da nake so ka riƙe. Ta dawo, ta zauna a ofishinta na majalisa, ta sa aka riƙa shigo mata da ministoci ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawansu magana ɗaya suka faɗa, kowa da irin lafazinsa: ni dai ina bayanki, amma ba za ki kai labari ba. Kenneth Clarke yana cikin waɗanda ba su ɓoye mata komai ba. Shekaru ta yi ba ta neman jin ra'ayinsu, ranar da ta nema sai ta ji abin da ya daɗe yana cikinsu. Da safe ta sanar da su za ta sauka.

Yanzu ga kashi na biyu na tambayarka. Mai jefa ƙuri'a a Manchester ba ya ganin cikin ɗakin ministoci, kuma bai damu da wa ya katse wa wani magana ba. Amma yana ganin abin da ke fitowa daga ɗakin. Yana ganin doka irin harajin nan, wadda da an bar masu ja sun ja, da ba ta fito a haka ba. Yana kuma ganin manyan jam'iyya suna ficewa suna tona asirin juna, sai ya ce waɗanda ba su iya riƙe gidansu ba ta yaya za su riƙe ƙasa. Ta waɗannan ƙofofi biyu rigimar ɗaka ke isa akwatin zaɓe. Ban ce ita kaɗai ke yanke hukunci ba. Aljihun mutum shi ne gaba, farashin abinci da kuɗin haya da layin asibiti. Sai dai gwamnatin da ta rabu ba ta iya bayanin wahala, kuma ba a yi mata uzuri.

A 1990 sauya shugaba ya ceci jam'iyyar. John Major ya hau, ya miƙa wa Heseltine ɗin nan aikin binne harajin, a Afrilun 1992 ya ci zaɓen da mutane da yawa suka ɗauka ya faɗi, da ƙuri'u sama da miliyan 14 da rinjayen kujeru 21.

Na Johnson kuwa, wanda ka tambaya, labarin ya fi gajarta saboda ciwon iri ɗaya ne. Ya ci zaɓen Disamban 2019 da rinjayen kujeru 80. Amma ministocinsa sun gaji da a tura su gidajen rediyo da safe su kare wata magana, kafin azahar a gano ba haka take ba. An yi haka a kan shagulgulan da aka yi a ofishinsa lokacin kullen korona, aka sake yi a kan abin da ya sani game da zargin rashin ɗa'a da ake yi wa wani da ya ba muƙami. Ranar 5 ga Yulin 2022 ministan lafiya Sajid Javid da na kuɗi Rishi Sunak suka ajiye aiki, tsakaninsu 'yan mintoci. Cikin kwana biyu sama da mutum 50 suka bi su. Nadhim Zahawi, wanda ya naɗa ya maye gurbin Sunak, kwana biyu da naɗin ya fito fili ya ce masa ya tafi. Firaminista bai da ikon riƙe ma'aikatu shi kaɗai, dole ya sami masu zama a kujerun, shi kuwa ya rasa. Ranar 7 ya sanar zai sauka.

Liz Truss ta gaje shi, ta cika teburi da 'yan ɓangarenta, ta bar mafi yawan magoya bayan Sunak a waje. Da bakinta ta amsa cewa ba a tattauna shirin rage wa masu manyan albashi haraji da dukkan ministoci ba. Kasuwa ta rikice, ta sallami ministan kuɗinta Kwasi Kwarteng, ita ma ta bi shi bayan kwana 49 a kan mulki, Sunak ya gaje ta. Wannan karon sauya doki bai ceci kowa ba. A zaɓen 4 ga Yulin 2024 jam'iyyar ta faɗo daga kujeru 365 zuwa 121, Truss ta rasa mazaɓarta, ministoci da dama masu ci suka rasa nasu. Abin da jama'a suka yafe sau ɗaya a 1990, ba su yafe shi ba da ya zama firaminista uku cikin shekara guda.

TAMBAYA: Malam, ni shugabar makarantar firamare ce a Kano, ina da malamai sama da ashirin, don haka maganar shugabanci ba ta wuce ni. Na ji ana cewa tsauri ne ya kayar da Thatcher. Ke nan firaminista mai sassauci, mai barin kowa ya yi magana, shi ya fi daɗewa ya fi cin zaɓe?

AMSA: Malama, da haka ne da John Major ya mutu a kan kujera. Shi ne mai zagaya teburi ya ji ta bakin kowa kafin ya faɗi tasa, kuma a farko ministoci sun ji kamar an buɗe musu taga. Amma bayan 16 ga Satumban 1992, ranar da aka tilasta wa gwamnatinsa fitar da fam daga tsarin musayar kuɗi na Turai, kwarjininsa ya zube. Rinjayensa ƙarami ne, jam'iyya ta rabu biyu a kan Turai, wasu ministocinsa suna cin tuwo da shi suna yi masa zagon ƙasa, ya san su kuma ba ya iya korarsu. A 1995 abin ya ishe shi har ya ajiye shugabancin jam'iyya ya ce mai ja ya fito. Ministansa John Redwood ya fito. Major ya ci da 218 a kan 89, amma ɓarakar ba ta ɗinku ba. A 1997 jam'iyyar Leba ta Tony Blair ta share su da rinjayen kujeru 179, su kuwa suka tsira da 165 kacal. Kin ga sauraro ba tare da iya yanke magana ba, shi ma hanyar faɗuwa ce.

In kina neman wanda za ki duba, ni Clement Attlee nake nuna wa mutane. Ya mulki Birtaniya daga 1945 zuwa 1951. Mutum ne marar yawan magana, ba ya da kwarjinin Churchill, kuma yana zaune da zakuna: Ernest Bevin, Herbert Morrison, Aneurin Bevan, Stafford Cripps, waɗanda wasunsu ba sa ga maciji da juna. Yakan bar mai magana ya yi, ya hana shi zarcewa, ya tattara abin da aka faɗa cikin 'yan kalmomi, ya ce an gama, a wuce na gaba. Wanda ya gaza aiki ya sallame shi ba tare da dogon bayani ba. Da wannan salon aka kafa hukumar lafiya ta kyauta a 1948, aka ba Indiya da Pakistan 'yanci a 1947. Shi ma dai ɓaraka ce ta raunana shi a ƙarshe. A Afrilun 1951 Bevan da Harold Wilson suka fice saboda an sa kuɗi a kan tabarau da haƙoran roba a hukumar lafiyar nan ta kyauta, a daidai lokacin Bevin ya rasu, Cripps ya kwanta ciwo. A Oktoba aka yi zaɓe, Leba ta fi yawan ƙuri'u amma ta gaza a kujeru.

Korar jama'a da yawa don nuna iko kuma ba ta cika haifar da ɗa mai ido ba. A Yulin 1962 Harold Macmillan ya sallami ministoci bakwai lokaci guda, kashi ɗaya cikin uku na majalisarsa, har da ministan kuɗi Selwyn Lloyd. Yana so a ga ƙarfi, mutane suka ga firgita. Shekara biyu bayan haka jam'iyyarsa ta bar mulki.

Abin da na fi jin tsoro ga kowane shugaba, Malama, har da shugaban makaranta, shi ne 'yan fada. Blair ya rage wa taron ministoci nauyi, manyan shawarwari suka koma hannun 'yan tsirarun mutane a ofishinsa. Muddin ana cin zaɓe ba wanda ya ɗaga murya. Da aka zo yaƙin Iraƙi a 2003, ministansa Robin Cook ya ajiye aiki, wata ministar, Clare Short, ta bi baya, binciken da aka yi daga baya kuma ya soki yadda aka riƙa yanke hukunci ba tare da cikakkiyar tattaunawa a tsakanin ministoci ba. A 2005 rinjayensa ya faɗo zuwa 66. Theresa May ta faɗa rami irin wannan a 2017. Ta kira zaɓe tana ganin nasara a hannu, wasu mashawartanta na kusa suka tsara manufofin jam'iyya, ciki har da wani shiri kan kuɗin kula da tsofaffi wanda ministoci da yawa ba su san da shi ba sai da ya fito. Tsofaffin nan su ne ƙashin bayan jam'iyyarta. Cikin 'yan kwanaki ta ja da baya a kan shirin, ta fito daga zaɓen ba ta da rinjayen da ta shiga da shi. Ɗan fada kansa yake karewa ta hanyar faranta wa maigida. Minista mai mazaɓa kuwa ranar Asabar yana can yana shan ƙorafin jama'a, don haka in ya kawo labari marar daɗi, daga kasuwa ya ɗauko shi. Malamin aji ma haka yake a wajenki, shi iyayen yara ke tarewa a bakin ƙofa.

TAMBAYA: Malam, daga Maraɗi nake rubuto maka. Mu ma a Nijar mun ga rigimar shugaban ƙasa da firaminista a zamanin Mahamane Ousmane. Irin ta Ingila ce?

AMSA: Ɗan'uwa, ba iri ɗaya ba ce. A Ingila sarki ba ya mulki, rigimar tana tsakanin firaminista da mutanensa. Tsarin da Nijar ta bi a jamhuriya ta uku irin na Faransa ne, mai kawuna biyu: shugaban ƙasa da jama'a suka zaɓa, da firaminista da ke tsaye da ƙafar majalisa. Mahamane Ousmane ya hau a 1993, Mahamadou Issoufou ya zama firaministansa, ƙawancensu ya watse a 1994. Aka sake zaɓen majalisa a Janairun 1995, 'yan adawa suka yi rinjaye, dole shugaban ya zauna da Hama Amadou a matsayin firaminista. Daga nan taron majalisar ministoci kansa ya zama fagen daga: wa zai kira shi, me za a tattauna, wa ke da ikon naɗa manyan ma'aikata. Aikin gwamnati ya tsaya cik. Abin baƙin cikin shi ne ba a bar masu ƙuri'a sun raba gardamar ba, domin ranar 27 ga Janairun 1996 Ibrahim Baré Maïnassara ya kifar da su duka biyun. Amma kar ka manta da 2007, lokacin da majalisa ta sauke gwamnatin Hama Amadou ɗin nan da ƙuri'ar yanke ƙauna a zamanin Tandja, ya sauka ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Wannan ya fi kusa da abin da muke magana a kai.

TAMBAYA: Ɗana, ni dattijo ne a Bauchi, na ga zamanin Abubakar Tafawa Ɓalewa da idona. Ina jin ana kiran a koma tsarin firaminista. Shin yadda marigayi ya riƙe ministocinsa zai iya zama abin koyi?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kiran da ka ji gaskiya ne. A Fabrairun 2024 'yan majalisar wakilai kimanin 60 suka gabatar da ƙudurin a koma wancan tsari, hujjarsu ita ce tsadar wanda muke kai da taruwar iko a hannun mutum ɗaya.

Halin marigayi abin koyi ne, wannan ba na shakka. Haƙurinsa da kamun kansa da tsabtar hannunsa, har abokan hamayya sun shaida. Kuma ya zauna da manyan mutane: Muhammadu Ribaɗu a tsaro, Festus Okotie-Eboh a kuɗi, Jaja Wachuku a harkokin waje, ga Inuwa Wada da Zanna Bukar Dipcharima da Shehu Shagari da Maitama Sule. Riƙe irin wannan taro shekara da shekaru ba ƙaramin aiki ba ne.

Amma kujerar da ya zauna a kai ba irin ta Landan ba ce, kuma nan ne nake so masu kiran a koma su tsaya su duba. Firaministan Birtaniya shi ne shugaban jam'iyyarsa. Tafawa Ɓalewa mataimaki ne a NPC, shugaban jam'iyyar Sardauna ne, yana Kaduna. A zaɓen 1959 NPC ta sami kujeru 134 cikin 312, ba su isa kafa gwamnati ba, sai aka yi haɗin gwiwa da NCNC. Ke nan ministocin da ke gabansa a Legas kowa da inda igiyarsa take ɗaure, wasu a Kaduna, wasu a Inugu. Bai da sakewar da zai sallami wanda ya ga dama ba tare da ya taɓa wani yanki na ƙasa ba. Da rigimar ƙidayar 1962 da 1963 ta taso, ɓarakar ta shigo har cikin ɗakin. A zaɓen 30 ga Disamban 1964 jam'iyyun da ke gwamnati ɗaya suka shiga fage a matsayin abokan gaba, NPC a ƙawancen NNA, NCNC a ƙawancen UPGA. UPGA ta ƙaurace wa zaɓen a wurare da dama, shugaban ƙasa Nnamdi Azikiwe ya yi kwanaki bai kira firaminista ya kafa gwamnati ba, sai da manyan alƙalai suka shiga tsakani aka daidaita a kan gwamnatin kowa da kowa. An faɗaɗa teburi, amma ciwon yana nan. Zaɓen Jihar Yamma na Oktoban 1965 ya zo da ƙone-ƙone da kashe-kashe. A Janairun 1966 marigayi ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashen Kwamanwel a Legas a kan batun Rodeshiya, kwanaki kaɗan bayan an watse aka yi yunƙurin juyin mulkin da aka kashe shi a ciki ranar 15 ga wata. Ministocin da suka rage sun taru, 'yan NPC suna so Dipcharima ya riƙe, ba a kai ga naɗa shi ba mulki ya koma hannun Janar Ironsi.

Ra'ayina, Baba, shi ne tsarin firaminista yana da wani alheri da nake kwaɗayi: shugaba ya tsaya gaban majalisa a tambaye shi ya amsa, minista ya zama mai mazaɓar da zai koma ya haɗa ido da ita, kuma a iya sauke wanda ya gaza ba sai an jira shekara huɗu ba. Amma yana bukatar jam'iyyu masu rai, waɗanda ɗan majalisa zai iya ce wa shugabansu a'a ba tare da ya rasa tikiti a hannun gwamna ba. Yana kuma bukatar mu iya ɗaukar murabus ɗin minista a matsayin saɓanin ra'ayi, ba cin mutuncin ƙabilarsa ko addininsa ba. Ina ganin a nan aikin yake, kafin a kai ga sauya sunan kujera.

Ni a littafi na karanta zaɓen 1964, kai kuwa kana nan aka yi. In Allah ya ba ka iko, ka sa wani jika ya rubuto mana abin da ka gani a rumfar zaɓe a Bauchi ranar, da abin da ake faɗa a gari cikin kwanakin da aka yi ana jiran Legas. Zan ba shi wannan fili gaba ɗaya.